Kyandir Tara a Bangon Tasha

Da aka yi shelar za a ta da layin dogon da ya taso daga Masawa ya hau duwatsu zuwa Asmara, sai aka nemi tsofaffin ma'aikata su dawo, domin samarin yanzu ko inda ake ɗura wa jirgi ruwa ba su sani ba. Aboy Zerezgi, wato Baba Zerezgi, shi ne ya riga kowa sauka a Mai Sesah, da sandarsa da tsohuwar hular aikinsa, yana da shekara saba'in da shida. Mutane suka yi ta yabonsa, wai ga kishin ƙasa, ga riƙon amana. Ya bar su da yabonsu. Abin da ya kawo shi kyandir tara ne da ke ɓoye cikin bangon ofishin tasha, kuma so yake ya kai hannu gare su kafin idon wani ya gan su.

A Mai Sesah masu ziyara ke sauka su kama hanyar gidan sufayen Kirista da ke can ƙolin dutse. Mace ba ta hawa. Ko cikin jakuna, in mace ce, a dutsen iyaka ake sauke mata kaya, tafiyar sa'a guda sama da tasha. Don haka matar da ke da bakance sai ta damƙa kyandir ɗinta a hannun namiji ya kai mata, ita kuma ta zauna jira. Idan ya sauko ya ce mata "ya isa", sai ta shiga ɗakin mata na tasha, ta tsoma babban yatsanta a baƙin tukunya da aka kwaɓa da man shanu, ta dangwala a bango. Tun da aka gina tashar haka ake yi.

Letengus, matar Zerezgi, ta shekara uku a ɗaki ba ko ɓatan wata. A ta huɗu ta ba shi kyandir ɗaure da jan zare, ya hau, ya kunna, ya sauko ƙafafu a kumbure. Kafin shekara ta zagayo aka naɗa shi shugaban tasha, mutane suka koma kiransa Kafo, kamar yadda ake kiran masu wannan kujera tun zamanin Italiya. To, ranar bikin sufaye, ranar da ake kai kyandir, Letengus ta sake ba shi wani, amma ranar jirgi shida ke tsayawa a Mai Sesah, Kafo ko zama ba ya samu, balle hawan dutse. Da ya miƙa wa wani mai hawa kyandir ɗin da shi ke nan. Amma mutum mai hula da usur ya tsaya gaban jama'a yana roƙon a kai masa kyandir ɗin neman haihuwa? Ai shi za a juyo a kalla, ba matar ba. Sai ya jefa shi cikin kabad ɗin da ke jikin bango, da niyyar kashegari ya hau da kansa. Da yamma Letengus ta kawo masa gahawa ta tsaya tana dubansa, shi kuwa ya ce ya ba wani mai hawa, kuma ya isa. Kashegari jirgin kaya ya zo da matsala, jibi wani abin ya taso. Haka aka yi har sau tara, kuma kowace shekara ƙaryar na ƙara sauƙi a bakinsa.

Daga nan yaƙi ya cinye layin. Sojoji suka tare a tashar, suka toshe tagogi da duk wani rami da bulo, suka kwashe ƙarafan dogo suka rufe ramukan ɓuya da su. Zerezgi da matarsa suka koma Asmara, a can ta rasu, ba ta taɓa goyo ba. Bai gaya mata ba. Kullum yana jiran ranar da ta dace, har aka kai ta makwancinta.

Tashar da ya tarar ba ta da rufi. Beles, wani itace mai 'ya'yan da ake ci, ya tsiro da ƙayarsa a wurin yankan tikiti, awaki sun mai da ɗakin jira nasu, birai na zaune a kan tankin ruwa suna kallon ma'aikata kamar su ne masu duba aikin. Injiniyar da ke kula da aikin wata matashiya ce mai suna Wegahta, wadda ta riƙe bindiga kafin ta riƙe biro, ga saurin magana ga saurin tafiya. Ta zo da tsohon hoto guda ɗaya tana so komai ya koma yadda yake a ciki. Hoton kuwa baƙi da fari ne, saboda haka launin kowace ƙofa sai an tambayi Kafo. Ya ji daɗin wannan, ba sai an ɓoye ba. Ya gaya musu tagogin kore ne, ba shuɗi ba. Ya nuna inda ƙararrawa take rataye, ya sa aka tono ma'aunin kaya daga ƙarƙashin kashin awaki. Amma duk inda ya tsaya, idonsa na kan bangon ofis.

Adey Hiriti, wato Inna Hiriti, ita ce ke dafa wa ma'aikata gahawa a gindin ɓaure. Aminiyar Letengus ce, kuma ba ta bar Mai Sesah ba ko lokacin da ake ruwan harsashi. Jikinta ya tsufa, bakinta bai tsufa ba. Ranar farko ta dube shi sama da ƙasa ta ce hular dai tana nan yadda take, kan ne ya motse a ciki. Ya ce ita ma gahawarta har yanzu sai mutum ya yi imani kafin ya yarda gahawa ce. Suka yi dariya, amma bai iya haɗa ido da ita ba.

Da aiki ya zo kan ofis, Wegahta ta ce ranar Litinin magina za su fasa bulon sojoji. Zerezgi ya ce a bar masa wannan bangon, shi ya san shi. Ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Baba, an kawo ka ne don kanka, ba don ƙashinka ba. In guduma ta faɗa maka a ƙafa, wa zai gaya mana launin ƙofar baya?" Ya yi murmushi kamar ya haƙura.

Ranar Asabar da tsakar rana kowa ya tafi gindin ɓaure. Gahawar Hiriti zagaye uku ce, kuma ba a tashi sai an sha na ukun, don haka ya san yana da sa'a guda. Ya ɗauki guduma da wani guntun ƙarfe ya shiga ofis. Bulon ya ba shi wuya, numfashinsa har fito yake yi. Da ƙyar ya cire huɗu. Ƙofar kabad ɗin ta ruɓe, ya zura hannu cikin ƙura ya laluba. Zafin shekara ashirin da 'yan kai ya narkar da su, sun manne sun zama dunƙule guda a karkace, amma jan zaren kowanne na nan. Ya ƙirga lagwanin da yatsa, tara cif.

"Kafo, gahawarka ta huce," in ji Hiriti daga bakin ƙofa.

Ya yi niyyar ya tura abin cikin riga da wuf, amma hannun ya daina wuf tuntuni. Ta ajiye finjalin a kan taga, ta dubi abin da ke hannunsa, ko gira ba ta ɗaga ba.

"Ashe suna nan," ta ce. "Na zaci sojoji sun kunna su."

"Kin sani ke nan?"

"Taso mu je."

Ta kai shi ɗakin mata. Rabonsa da leƙa wannan ɗaki tun shekarar da ya fara ƙaryar. Wegahta ta hana a shafa masa farar ƙasa, ta sa an wanke ƙurar a hankali kawai, sai ga yatsu sun fito baƙi ƙirin, daga kusan ƙasa har tsayin kafaɗar mace, ba masaka tsinke. Hiriti ta ja shi bayan ƙofa ta nuna masa layinta, sannan ta nuna na kusa da shi. Bai bukaci a gaya masa ba. Letengus ta taɓa yanke babban yatsanta tana ferar beles, tabon ya zauna, ga shi nan ya ratsa tsakiyar baƙin da farin layi. Guda ɗaya ne. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya bi bangon da ido har kusurwa, bai ga na biyu ba.

"Wa kake tsammani yake share maka ofis?" in ji Hiriti. "Tun na farkon da ka ɓoye ta gan shi. Ta zo nan ta zauna, na miƙa mata ƙoƙon baƙi, ta ce a'a, ba za ta yi wa bango ƙarya ba."

"To me ya sa ta ci gaba da ba ni?"

"Ni ma na tambaye ta. Na ce ta ba maigidana, shi da ke hawa kowace shekara kamar akuya. Ta ce maganar haihuwa ta bar wa Allah tuntuni. Kai take so ka hau mata, da ƙafarka, ba don an tuna maka ba."

Zerezgi ya zauna a kan bencin matan. Duk shekarun nan yana ɗauke da nauyin ya yaudari matarsa, ashe ita ce ta rufa masa asiri, tana zuba masa gahawa, tana amsa "ya isa" da godiya. Wannan ya fi wancan nauyi. Ya yi kuka, Hiriti ta juya baya ta ba shi wuri.

An tsara jirgin farko zai tsaya a Mai Sesah ranar bikin sufaye, kuma Kafo ne zai ɗaga masa koriyar tuta. Har an wanke masa hular. Ana gobe biki ya gaya wa Wegahta ta nemi wani. Ranta ya ɓaci, ta ce manya za su zo, masu hoto za su zo, shi ne mutum na ƙarshe da ya ɗaga tuta a wannan dandali. Ya ce ya riga ya ba tashar nan ranakun biki tara da ba nata ba, wannan karon ta yi haƙuri.

Rana na fitowa ya kama hanya, dunƙulen na naɗe cikin farin mayafin Letengus. Masu ziyara suna ta wuce shi, suna gaishe shi, suna ba shi hanya ko da shi ne ke tare musu ita. Tafiyar da ya taɓa yi a ƙasa da sa'a guda ta ci masa uku. Da ƙyar ya kai dutsen iyaka. Matan da ke zaune a inuwa suka matsa masa, wata ta ba shi ruwa da ɓallin gurasa. Ya huta, ya yunƙura, ya wuce dutsen da taku goma sha, sai ƙafa ta ce iyakarta ke nan. Ya sake gwadawa, ya durƙushe. Saura tafiyar sa'a huɗu a sama, kuma ita ce mai tsayin. Mata biyu suka tsaya a bakin iyaka suna miƙo hannu, ba damar su tsallako, har ya jawo jiki ya dawo inda za su iya kama shi. Yana zama ya ji kukan jirgi daga ƙasa, guɗa ta biyo baya.

Maza na ta wucewa. Sai ya yi abin da ya ƙi yi shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, ya ɗaga hannu a gaban matan nan duka ya tsayar da wani mutumin garin Ginda mai jaka cike da kyandirorin mutane.

"Na wane ne, Baba?" in ji mutumin, yana juya dunƙulen a hannu.

"Na matata ne, Letengus. Ka faɗi sunan in ka kunna. Na neman haihuwa ne."

Wata yarinya ta fara dariya, uwarta ta zungure ta. Mutumin ya cusa abin a jaka ya yi gaba, yana sauri ya cim ma 'yan uwan tafiyarsa.

Matan suka rako shi ƙasa a hankali. Tashar ta yi kyau, tagogi kore, ƙararrawa a wurinta, jama'a fal. Bai dubi komai ba. Ya zauna a ƙofar ɗakin mata ya kafa wa hanyar dutse ido. A nan ya san mene ne jira. Duk wanda ya ɓullo sai ya miƙe, in ba mutumin Ginda ba ne sai ya koma ya zauna da tunanin ko jakar ta yi wa mutumin nauyi a hanya, ko sufaye sun ƙi karɓar kyandir mai kai tara, ko an manta sunan.

Da la'asar sakaliya mutumin ya sauko da gudu-gudu, jirgin komawa na shirin tashi. Zerezgi ya kama hannun rigarsa. Mutumin ya dube shi jim kaɗan kamar bai gane shi ba, sannan ya ce, "Ya isa, Baba, ya isa," idonsa na kan jirgi. Ya zame ya haye. Jakar na rataye a kafaɗarsa, ba a iya sanin ko da wani abu a ciki. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma Zerezgi ya san wannan muryar, da ita ya yi magana sau tara.

Hiriti ta zo da ƙoƙon baƙi ta tsaya a kansa.

"Namiji ba ya dangwalawa, Kafo, amma yau ba mai hana ka. Tashi ka sa mata kusa da nata."

Ya daɗe yana kallon ƙoƙon. Ya dubi babban yatsansa, ya mai da hannun cikin riga.

"Bari dai sai baɗi," ya ce. "Zan sayi wani in hau da kaina."

Hiriti ta rufe ƙoƙon da gefen mayafinta.

"Ita ma haka take ce mini kowace shekara," ta ce. "Wai baɗi za ka hau."