Kada a Buga Ko Ƙusa Ɗaya

Kotun filaye da gidaje tana hawa na biyu, saman ofishin da ake sabunta lasin tuƙi, don haka Direba bai taɓa ɓatan hanya ba. Duk shekarun da ya yi yana jan motar haya a ƙasa yake tsayawa. Da ya ajiye tuƙi sai likkafa ta ci gaba, ya koma hawa bene.

Ɗaki guda ne ya kai shi. Mahaifinsu tun yana da rai ya raba musu gida, shi da wansa Mai Kanti. Ya tsaya a tsakar gida da sandarsa, ya ce daga nan zuwa gabas na babba ne, daga nan zuwa yamma na ƙarami. Ɗakin da ke tsakiya kuwa bai ambace shi ba, saboda Inna ce a ciki, kuma marigayin bai saba sa baki a abin da Inna take zaune a kai ba. Bayan rasuwarsa an yi shekaru lafiya lau. Ranar da Mai Kanti ya kawo magini zai ja katanga, sai aka ga dole katangar ta bar ɗakin ko a gabas ko a yamma. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nan ko tubalin farko ba a aza ba lauyoyi biyu suka samu wuri.

A zaman farko Mai Shari'a, wata mace mai tabarau da ba ta ɗaga murya, ta ba da umarnin da kotun ke bayarwa a kowace rigimar gini: a bar komai yadda yake har a yanke hukunci. Kada a rushe, kada a gina, kada a sauya. Lauyan Direba ya ƙara masa bayani a kan matakala.

"Ko ƙusa ɗaya kada ka buga. In kuma ka ga wanka da guduma, kira ni. Wanda ya gyara ɗaki yau, gobe zai ce don nasa ne ya gyara."

Lauyan Mai Kanti ma haka ya gaya wa nasa, a ɗaya matakalar. Tun suna yara 'yan'uwan nan ba su taɓa jin magana kamar yadda suka ji wannan ba.

Inna ba ta cikin ƙarar, don haka ba wanda ya tambaye ta komai. Kwanon rufin ɗakinta kuwa sa'an aurenta ne, tsatsa ta gama da shi. Da damina ta faɗi ya fara yoyo ta wajen ƙofa, sannan ta kan akwati, sannan ta ƙafar gado. Direba ya buga wa lauyansa waya ya tambaye shi ko an yarda da bokiti.

"Bokiti ba gini ba ne," in ji lauya, bayan ya ɗan yi nazari.

Direba ya kai bokiti. Kashegari ya tarar da bahon roba sabo fil daga kantin wansa. Ya kai biyu, wan ya kai uku da tsumman goge ƙasa. Kafin tsakiyar damina Inna ta fi kowa a layin mazubin ruwa, maƙwabta har aro suke zuwa.

Abin yana cin Direba a rai, ba wasa ba. Da hadari ya haɗo sai ya bar duk abin da yake yi ya nufi ɗakin da bokiti a hannu. Yakan iske ta zaune a gefen gadon da ba ya jiƙewa, ta naɗe ƙafa, tana tari a hankali don kada a ji. Ya sayi kwano sabo, ya jingine shi a bayan ɗakinsa ya rufe da tamfol, yana jiran ranar hukunci. Wata rana kunya ta ishe shi ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ki dawo ɓangarena mana har a gama."

"Wanka ma ya faɗi haka jiya."

"To me kika ce masa?"

"Na ce ni da ɗakina."

Shari'ar fili ba ta da gaggawa, tunda fili ba ya gudu. Aka ɗage don lauya ɗaya ya yi tafiya, aka ɗage don ɗayan ya dawo. Sai a damina ta biyu kotu ta sa ranar zuwa gani da ido.

Suka zo da hantsi: Mai Shari'a, magatakarda da fayil a hammata, mai awo da igiyarsa, da lauyoyin biyu. Inna ta yi musu sannu da zuwa, ta kawar da baho biyu don su samu wurin tsayawa. Mai awo ya auna ɗakin tsaye da kwance, ya ce, "Mama, ɗan ɗaga ƙafa," Inna ta ɗaga, ya wuce da igiya ta ƙarƙashi. Ana cikin haka aka tsinke da ruwa. Ɗigon farko a fayil ya sauka. Magatakarda ya matsa, na biyu ya same shi a ƙeya.

Mai Shari'a ta ɗaga kai ta dubi kwanon, ta dubi gadon, ta cire tabarau ta goge.

"Wa ke kwana a nan?"

"Mahaifiyarmu, ranki ya daɗe," 'yan'uwan suka amsa tare. Rabon da bakinsu ya zo ɗaya har an manta.

"Me ya hana a gyara?"

"Umarnin kotu," in ji Direba. Ya faɗe shi da ɗan alfahari, don a tsammaninsa yabo zai biyo baya.

Mai Shari'a ta mayar da tabarau. Sannan ta ce umarnin bai taɓa hana a rufa wa tsohuwa ɗaki ba. Abin da ake yi, ɓangarorin biyu su rubuta takarda guda ta neman izinin gyara, su sa hannu tare, ita kuma ta amince a ranar. Ta juya ga lauyoyin. Kowannensu ya samu abin karantawa a wayarsa.

Direba ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Tun kafin motar kotu ta fita layin ya tari wansa a zaure.

"Yaya, gobe mu je mu sa hannu. Ina da kwano a ajiye."

"Ni ma ina da kwano. Tun bara."

"Nawa ya fi kauri."

"To, a rufa da naka, gobe lauyanka ya ce kwanon wa ke kan ɗakin?"

Direba bai yi wannan tunanin ba, amma da ya ji sai ya ga ai haka ne, kuma in an juya ma haka ne. Aka kawo shawarar a raba, rabi da rabi. Sai maganar ta koma kwanon wa zai hau kan na wa a wurin haɗi. Takardar dai an rubuta ta, da kyakkyawan rubutu ma, tana nan a fayil da gurbin sa hannu biyu. Damina ta ƙare da kanta, kamar yadda ta saba.

Hukunci ya fito da rani. Shaidu sun tabbatar cewa a bakin magudanar ruwa marigayin ya tsaya da sandarsa, awo kuma ya nuna ɗakin ya faɗa yamma. Direba ya yi nasara. Bai tsaya gaisawa da kowa ba, daga kotu sai wurin kafinta.

Inna ta zauna a kujera 'yar tsugune a tsakar gida tana kallo ana yaye tsohon kwano ana buga sabo. Da aka gama ta shiga ta duba, ta ce aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Direba ya ji daɗi har ƙwalla ta cika masa ido.

Kashegari sai ga Auta, ƙanwarsu da ke aure a wani gari, ta zo da mota. Direba ya fito ya tarar ana sa akwatin Inna a bayan motar.

"Inna, ina zuwa kuma? Ga ɗaki an gyara."

"Na gani. Ai na ce ya yi kyau."

"To ki zauna mana. Ko ɗigo ba zai ƙara zuba ba."

"Wanka ya karanta mini takardar hukuncin," ta ce, tana gyara mayafi. "An ce naka ne."

"Ai nawa naki ne, Inna."

"Da yana yoyo nawa ne. Ni ban iya zaman ɗakin aro ba, kuma na tsufa da koyo."

Ba faɗa a muryarta, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta raba mazuban ruwan daidai, nasa ta tura yamma, na wansa ta tura gabas, ba ta yi kuskuren ko ɗaya ba. Ta shiga mota, ta ce a gaida yara.

Mai Kanti ya ja katangarsa, ta fito a miƙe. Kwanonsa kuma ya rufa wa kaji.

Ruwan farko na daminar bana da la'asar ya zo. Direba yana zaune yana sauraron rediyo ya ji ɗigo a kan rufi, ya zabura ya sunkuci bokiti, ya ratsa tsakar gida da gudu ya tura ƙofar. Ɗakin a bushe yake ƙayau, gadon babu katifa. Ya tsaya yana duba sama ko zai ga inda ke zuba, kafintan kuwa ya iya aikinsa. Ya ajiye bokitin a ƙafar gado, inda ya saba ajiyewa, ya zauna a gefen da ba ya jiƙewa har aka ɗauke ruwan.