Riɗin Direba

Shekara ashirin da biyu ya yi yana jan babbar mota kafin ciwon baya ya sauke shi. Ko da ya dawo gida ya karɓi rabonsa na gonar gado, sunan Direba bai bar shi ba. Yayansa, wanda bai taɓa yin wata sana'a ba sai noma, ya nuna masa iyaka da sanda ya ce, "Ka shuka riɗi kamar kowa, masu matsar mai nemansa suke yi. Sai dai ka sani, gona ba ta da sitiyari."

A shekarar farko tsutsa ta sauka. Wata 'yar koriya ce, tana naɗe ganyen saman riɗi da saƙa irin ta gizo-gizo ta ɓuya a ciki, in ta gama da fure ta huda kwanso ta cinye ƙwayar. Aka yi feshi har sau uku, kamar wanka ake yi mata. Manoma suka daina zuwa gona don kada ransu ya ɓaci.

Direba bai daina ba. Bayansa ba ya barinsa sauri, don haka kunya-kunya yake bi, in ya gaji ya zauna a kan bokiti. Daga zaune ne ya lura da wasu tsirrai a ƙasan gonar, gajeru, kwansonsu ya riga ya yi tauri, huda ɗaya-ɗaya ce a jikinsu. Ya ƙirga, goma sha ɗaya.

Da ya koma gida ya ce wa matarsa, "Maman yara, samo mini tsumma mai launi."

Ta yage tsohon labulen ɗaki ta ba shi. Washegari yayan ya tarar da shi yana ɗaura wa tsirran jan ƙyalle.

"Makaranta za ka sa su ne?"

"Iri nake so, Yaya."

"Irin wadanni? Allah ya ba da sa'a."

Da suka nuna, Direba ya yanke su daban, ya shanya su daban a kan taburma, matarsa tana korar kaji. Abin da ya fito bai cika gwangwanin madara ba. Ita ta ɓoye shi a saman kabad, ta ce duk wanda ya taɓa zai gamu da ita. Damina ta biyu ya shuka kunya biyar. Ta uku, rabin gonar.

A wannan shekarar ce malamar gona ta biyo zagaye. Ta tsuguna ta fasa kwanso da farce, ta tambayi ranar shuka, ta rubuta.

"Baba, naka yana rigan na kowa nuna da kusan mako biyu. Kafin tsutsar ta yi yawa, ya wuce inda za ta cuce shi. Amma kada ka saki jiki, ƙwari ma suna canja hali. A yi shuka da wuri, a duba ganye kowane mako, a ƙone karan bayan girbi."

Ta ɗebi kaɗan a takarda ta tafi da shi gwaji.

Damina ta huɗu tsutsar ta dawo fiye da da. Lokacin da gonakin maƙwabta suka yi fari da saƙa, Direba ya riga ya yanke nasa, dami-dami a jingine suna shan rana. Da matarsa ta kai buhu na farko wurin mai injin matsa, sai da mutumin ya kashe injin ya aika a samo ƙarin jarka saboda yawan man. Ya shafa man a yatsa, ya sansana, ya ce duk abin da suka noma baɗi kada a kai wa kowa sai shi.

Bayan kwana biyu yayan ya zo da hantsi. Ya zauna a zaure, ya tambayi lafiyar baya, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya yi maganar ruwan bana, ya sake tambayar lafiyar baya. Direba ya leƙa cikin gida.

"Maman yara, auno wa Yaya kwano uku na irin nan."

"Ni ban tambaya ba," in ji yayan.

"Na sani."

Yayan ya ciro buhu a ninke daga aljihun rigarsa ya miƙa.

Kafin wata ya ƙare mutum talatin da ɗoriya suka karɓi irin. Sharaɗin Direba ɗaya ne: in ka girbe, ka ba na kusa da kai.

Da rani malamar ta tara manoma a ajin makarantar firamare, manya a takure kan bencin yara. Ta ce gwaji ya nuna irin yana da mai sosai, kuma ofishinsu zai shuka shi a gonaki shida bana don a ga yadda zai yi a wata ƙasar. Wani baƙo daga baya ya tambaya wane ne mai irin. Direba yana ƙoƙarin miƙewa, hannu a ƙugu, yayan ya riga shi tashi.

"Ƙanena ne," ya ce. "Uwa ɗaya, uba ɗaya."

Aka yi dariya, aka tafa. Malamar ta miƙa wa Direba alli ta ce ya zo gaban allo ya nuna musu yadda ake gane saƙar tsutsa tun tana sabuwa. Ya zana ganye, bai yi kama da ganye ba, ya goge da hannun riga ya sake. Mutane suka matso da bencinansu gaba.