Riɗi Ba Ya Jiran Baƙi

Da yarinyar ta sauko daga mota a bakin hanya, da takalmi mai tsini da akwati mai taya, kakanta ya daɗe yana kallonta. Fartanya na rataye a kafaɗarsa, ƙafafunsa duk laka.

"To, 'Yar Birni, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Tsoho. Na zo taya ka noma ne."

"Da waɗannan faratan? Su ma ai fartanya ce. Mu je, an samu kayan aiki."

Gaskiyar magana, zaman gida ne ya ishe ta. Ta gama karatunta tuni, ta taka ofis-ofis har dunduniyar takalmi ta suɗe, ko'ina sai a ce mata za a kira ta. Wayar kuwa shiru kamar an shuka dusa. Da mahaifinta ya ga ta fara rama, ta daina fitowa tsakar gida, sai ya ce ta je ƙauye wurin kakanta ta sha iska.

Gidan mutum biyu ne ke ciki: Tsoho, da 'yarsa wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ita ce Gwaggon yarinyar, mace mai baki kamar reza da zuciya kamar auduga. Ita ta ɗaure mata tsumma a tafin hannu ranar farko, da fartanya ta yi mata bororo.

"Ki bar shi ya fashe da kansa," in ji Gwaggo. "In ya zama kanta, kin zama mutum."

A shekarar nan riɗi Tsoho ya shuka a gonarsa ta bayan gida, gaba ɗayanta. Farin riɗi ne, irin da yake ajiyewa a goran duma tun yana da ƙarfin ɗaukar dami biyu a kai. Shi ne abincinsu, shi ne suturarsu, shi ne maganin ciwon gwiwarsa. Ba su da wata gonar.

Kun san jikin yaro, ba ya daɗewa yake sabawa. Kafin a gama noman farko, 'Yar Birni ta yanke faratan da kanta. Takan riga kowa tashi, ta ja guga a rijiya, ta bi bayan kakanta raɓa na jiƙa mata gefen zane. Ya koya mata yadda ake rage tsiron da ya yi cunkoso, da yadda ake gane ciyawar da ke kwaikwayon riɗi. In rana ta take, su koma gindin mangwaro, Gwaggo ta kawo abinci da ruwan randa mai sanyi. Yarinyar da a gida sai an lallashe ta take cin loma uku, ga ta tana suɗe kwano har da lashe yatsa.

"Wannan mai aikin naka, Baba, cinta ya fi nomanta," in ji Gwaggo.

"Ƙyale min ita. Ita kaɗai ce ke dariya in na yi magana. Ke kin daina."

"Labaran naka na ji su duka, sau ɗari-ɗari."

Da riɗin ya yi fure, gonar ta zama abin kallo. Fararen furanni masu ɗan jaja-jaja a baki, kamar ƙananan ƙararrawa, ƙudan zuma na shiga suna fita tun hantsi. Yarinyar ta tsaya a tsakiya, ganyen na kai mata ƙirji, ta ce ita ba ta taɓa jin hankalinta ya kwanta haka ba. Sai ta ciro waya ta fara ɗauka. Ta ɗauki furen, ta ɗauki hannun Gwaggo yana ɓare gyaɗa, ta ɗauki Tsoho yana yi wa akuyar maƙwabci huɗuba a kan haƙƙin gonar mutane. Ta ɗora a inda 'yan zamani ke ɗora irin waɗannan abubuwa. Mutane suka yi ta kallo, suna tura wa juna.

"Tsoho, ka yi suna fa. Har wata ta ce in ba ka da mata tana so."

"Ce mata sai bayan girbi. Yanzu ko hula mai kyau ba ni da ita."

Ana cikin haka, furen ya kaɗe, kwanso ya fito jere-jere a jikin kara. Wata ranar da la'asar sai ga farar mota a ƙofar gida. Wani mutum ya fito, ɗan gajere mai tabarau, ya durƙusa ya gaida Tsoho yadda ya kamata. Ya ce shi daga kamfanin da ke tatsar man riɗi yake, sun ga hotunan, maigidansu ya yaba. Suna so su yi talla a gonar nan: a nuna dattijo da jikarsa suna yankan riɗi da hannunsu. In tallar ta fito, yarinyar tana da kujera a ofishinsu, ita za ta riƙa shirya musu irin waɗannan hotuna.

'Yar Birni ta matso kusa da kakanta tana kallon bakinsa.

"Sharaɗi ɗaya ne, Baba," in ji Mai Tabarau. "Kada a taɓa gonar sai mun zo. Muna da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. In aka yanke ko gefe ɗaya, zai nuna kamar kan da aka yi wa aski aka bari."

Tsoho ya juya ya dubi gonar. Ganyen ƙasa ya fara rawaya.

"Yaushe za ku zo?"

"Mako mai zuwa, da yardar Allah."

"In mako mai zuwa ne, ya yi daidai. Amma ka sani, ɗana, shi riɗi ba hatsi ba ne da zai tsaya yana jiranka. Da ɗanyen jikinsa ake yanka shi, a ɗaure, a jingine, ya ƙarasa bushewa a kan shimfiɗa. In ya bushe a tsaye, bakinsa yake buɗewa ya zubar da komai."

"Na gane, Baba, na gane," in ji Mai Tabarau, yana duba waya.

Makon ya zo. Tsoho ya wasa laujensa, ya wasa na yarinyar, Gwaggo ta ɗinke tsohon tampol inda ɓera ya ci. Mota ba ta zo ba. Sai waya: mai riƙe da kyamara yana wani aikin, a ƙara haƙuri kaɗan.

Maƙwabta suka yanke nasu. Ko'ina ka duba dammai ne a jingine kai da kai, gonar Tsoho kaɗai ke tsaye, ganye na zuba. Masu wucewa sukan tsaya su yi sallama.

"Lafiya dai, Baba? Ko ƙafar ce? In hannu ne babu, mu turo yara."

"Lafiya lau. Baƙi nake jira."

Da suka zauna cin abinci, Gwaggo ta ajiye cokali.

"Baba, wannan jiran gawon shanu ne. Na shiga ɗazu, na ƙasa-ƙasan sun fara tsagewa. Ka yanke abinka. In sun zo su ɗauki dammai."

Tsoho ya dubi jikarsa. Ita kuma ta sunkuyar da kai tana juya wayar a hannu.

"Na tambaye shi, Gwaggo. Ya ce yankan ne tallar. In babu yankan, akwai wata gonar da za su je." Ta juya ga kakanta. "Tsoho, 'yan kwanaki ne kawai. Ni fa tun da na gama karatu ba wanda ya taɓa nemana. Ni ke nema kullum."

"Shi kuma ya ci me bana?" in ji Gwaggo. "Hoto?"

"In na fara aiki ai ni zan riƙe gidan nan."

"Allah ya nuna mana. Wanda ya ƙona rumbunsa dai ya san inda toka ke tsada."

"Ya isa," in ji Tsoho. "Na riga na ba mutumin baki, na kuma ba ta. Ku ci abinci."

Ko kunya ɗaya ta can ƙarshen gona, inda Gwaggo ta ce jirgin ba zai lura ba, ya hana a taɓa. Ya ce in suka hango giɓi suka fasa, da wane ido zai dubi yarinyar?

Daga nan ya daina shiga gonar, don ko gefen riga ya shafi kara sai ya zubar. Yakan zauna a bakin iyaka da gwangwani da tsakuwa a ciki yana korar kurciyoyi. In rana ta yi zafi, iska ta ɗan motsa, sai ka ji wani siririn sauti yana bin gonar, kamar ana yayyafi a kan busasshen ganye. Yarinyar ma ta ji shi. Ta koyi noma isasshe da za ta san ko mene ne. Sai ta daina fitowa da rana, ta ce kanta ke ciwo.

An sake ɗaga ranar zuwansu sau ɗaya. Sannan wata safiya motoci suka iso, da wayoyi da fitilu da wani farin allo mai mayar da hasken rana. Wata mata ta shafa wa Tsoho hoda a goshi, ta ba shi sabuwar riga da malafa, ta ce tasa ta yi datti da yawa. Ɗan jirgin ya tashi yana kuka kamar zirnaƙo, iskar fukafukansa na kaɗa kan riɗin.

"Bismillah, Baba. Ka yanka a hankali, kana murmushi. Ke kuma ki karɓa ki ɗaure."

Tsoho ya kama kara, ya sa lauje. Ɗan abin da ya rage a ciki ya zubo masa a kan ƙafa. Ya miƙa wa jikarsa, ta karɓa. Ba nauyi, kamar tsintsiya. Suka haɗa ido, ta yi sauri ta kawar da nata wajen kyamara, ta yi murmushin da aka ce ta yi.

Da aka zo wurin kakkaɓewa, Tsoho ya juya dami a kan tampol ya buga da sanda. Abin da ya sauko bai cika tafin hannu ba, rabi ma ƙaiƙayi ne. Yarinyar ta dubi Mai Tabarau, ta ɗauka shi ke nan, za su fasa tallar.

"Ba komai," in ji shi. "Mun zo da namu. Dama na gona ba ya yin kyau a hoto."

Aka sauko da buhun riɗi daga bayan mota. Wani ya hau kan kujera inda kyamara ba ta ganinsa, aka ce Tsoho ya haɗa tafukansa biyu. Aka riƙa kwararo masa riɗi daga sama, fari tas, yana cika hannun yana zuba ta tsakanin yatsu.

"Ɗaga kai, Baba. Ka nuna farin ciki, kamar ka ga albarkar gonarka. A sake. Ka ƙara sakin fuska."

Ya sake. Ya kuma sakewa. Gwaggo ta juya ta koma cikin gida.

Kafin rana ta karkata sun naɗe kayansu. Mai Tabarau ya ce tallar ta yi yadda ake so, yarinyar ta shirya su tafi tare, gobe ta fara. Ya karɓi riga da malafar, amma buhun ya ce a bar wa Baba, kyauta ce daga kamfani. 'Yar Birni ta fito da akwatinta, ta durƙusa a gaban kakanta, ta kama hannunsa.

"Tashi, kada su tafi su bar ki," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka. Ki riƙe aikinki da kyau, ya yi tsada."

Da ƙurar motocin ta lafa, Gwaggo ta kwance bakin buhun, ta ɗebi kaɗan, ta murza a tafi, ta jefa a baki. Ta tauna, ta daɗe tana taunawa.

"Ɓararre ne, Baba. Inji ya cire masa fata, an wanke shi. Ko a bakin kogi ka shuka wannan ba zai tsiro ba."

"Na sani. Tun yana zubo min a hannu na sani."

Ya shiga ɗaki ya fito da tsintsiya da rariya, ya nufi gonar ko zai tsinci na iri a cikin ƙasa. Tururuwa sun riga shi. Layi-layi suke tafe a tsakanin kunyoyin, kowace da farar ƙwaya a baki. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwar na ƙara, ya fara shara.

Yana nan sai Gwaggo ta biyo shi da waya a hannu.

"Ita ce. Wai tana tambaya ko buhun zai isa iri."

Tsoho bai ɗago ba. Ya zuba ƙasa a rariya ya fara girgizawa.

"Ce mata ya isa."

"Ni ba zan faɗa ba."

"To ce mata ina gona."