Ɗanɗanon Bayan Labule

Zaharaddeen ya shekara tara yana kai abinci tebur a wani otal da ke bakin teku a Jidda, sai ranar da ake neman harshensa mura ta ƙwace shi.

Manaja Thamer ya kawo sabon abin sha daga Faransa: ruwan farin inabin da ake bari a jikin itace har ya yamushe kamar zabibi, an cire masa barasa ƙal. Ya ce kowane ma'aikaci ya rubuto ɗanɗanonsa da abincin da ya dace da shi kafin Alhamis. Wanda ya kasa, kada ya sa ran a sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar.

Zaharaddeen ya kurɓa, ya sake kurɓa. Da shi da ruwan famfo duk ɗaya. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, ya juye sauran a gora ya nufi gida a unguwar Mahjar.

Matarsa Mansura ta ɗanɗana ta ce, "Akwai zaƙi." Iyakar iliminta ke nan. Mai harshe a gidan ita ce mahaifiyarta, Hajiya Nana Khadija, Bahaushiyar Sudan mai haɗa yajin agashe, tsiren Sudan. Sai dai ita ko ruwa ba ta sha a gaban suruki, shi kuma wata shida yana gunagunin ta cika musu ɗaki.

Aka saki labule. Mansura ta shiga da kofi, ta leƙo.

"Inna ta ce ka rantse ba giya ba ce."

Ya rantse har sau uku. Sai aka ji tanɗar baki daga bayan labule.

"Ta ce zuma ce a gaba, busasshen ɗan itacen mishmish a tsakiya, ɗan ɗacin ɓawon lemo a ƙarshe. Ta ce mai gonar nan malalaci ne, ya bar inabi har ya kusa ruɓewa."

"Da me za a sha?"

"Ta ce mahaukaci ne zai haɗa shi da kayan zaƙi irin basbusa. Nama mai yaji, ko cuku mai gishiri, halas, shi ke nan."

Ya rubuta duka, ban da zagin mai gona.

Ranar Alhamis Thamer ya karanta, ya dafa kafaɗarsa. "Ma sha Allah, harshenka zinari ne!" Ya sa hannu a takardar iƙama, ya kuma haɗa shi da kwalabe goma sha biyu ya rubuto su.

Da la'asar Zaharaddeen ya durƙusa gaban labule, kunya ta rufe shi, ya ce Inna ta zauna iya son ranta.

Mansura ta leƙo. "Ta ce ta ji. Ta ce gobe ka zo da babban kofi."