Bakwai Sau Takwas

Ni na kashe ta da hannuna, kada a ɗora wa kowa.

'Yar na'ura ce, ba ta fi tafin hannu ba. Ƙanena Halliru ya kawo wa ɗiyata Jamilatu ita daga Ƙonni kafin a rufe boda. Takan nuna tambaya da jajayen lambobi, shida sau huɗu, yaro ya danna amsa. In ya dace ta yi ƙara, in ya kuskure ta sake tambaya. Ba bulala, ba harara.

Jamilatu kuwa lissafi ya hana ta sakat. Ta maimaita aji uku, ubanta Maccido ya rantse in ta sake faɗuwa ta bar makaranta ta ɗauki tallan ƙuli. Ni ko alif na boko ban sani ba, mi zan koya mata? Amma da na'urar nan, wallahi cikin wata biyu yarinyar ta haye gidan shida ta shiga na bakwai. Har a bakin murhu dannawa take.

Saura kwana tara jarrabawa lambobin suka dushe. Batirin, in ji Halliru, wani ɗan guntu ne mai kusurwa huɗu. Na taka kasuwar Illela rumfa-rumfa, kowa sai ya ce, "Sai Ƙonni, Baraka." Ga Ƙonni can kusa, ga soja a tsakani!

To, mu nan in batirin rediyo ya yi sanyi, rana muke shanya shi ya farfaɗo. Na yi na yi in buɗe murfin na'urar in ciro nata, ya ƙi. Sai na ce ai duk ɗaya ne, na aza ta gaba ɗaya bisa kwanon ɗaki tun hantsi, cikin zafin bazara.

Da la'asar na sauko da ita ta lanƙwashe, madannan sun manne da juna. Kaicona! Jamilatu ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dai riƙe ta tana dannawa.

Ta faɗi jarrabawar. Maccido bai saɓa rantsuwarsa ba.

Jiya ina aza mata faranti a kai, ta dube ni.

"Inna, bakwai sau takwas nawa ne? Nan muka tsaya."

Na gyara mata gammo. Na ce ta yi sauri kada kasuwa ta watse.