Ɓarɓashin Ƙarfe a Idon Mai Walda

Mai walda ya cire agogo da bel, ya zube makullan shago a farantin roba yana ƙunƙuni. Matarsa na gefe riƙe da hularsa. Ciwon kai ne ya kawo su asibiti, irin wanda ya ƙi jin magani har likita ya ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Sun sha jira kafin layi ya zo kansu.

Ma'aikaciyar ɗakin hoto ta tare ƙofa. A bayanta ga na'urar nan mai kama da bakin rijiya a kwance, tana wani ƙugi.

"Baba, akwai ƙarfe a jikinka?"

"Ni ai duk jikina ƙarfe ne, 'yata."

"Ba wasa nake ba. Ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonka? Na'urar nan da igiyar rediyo take ɗaukar hoto, amma maganaɗisun cikinta ya isa ya fizgo kujera. In akwai ƙarfe a ido, sai ya motsa shi."

"Babu," in ji shi, ko ƙiftawa bai yi ba.

Matar ta dubi mijinta. Ta tuna ranar da ya dawo da ido ɗaure da tsumma, hawaye na bin gemu. Abokin aikinsa ne ya ɓalle maganaɗisun tsohuwar sifika ya kara masa a ido, ya zaro wani ɗan baƙin abu, suka ce shi ke nan. Haka masu walda suke yi, ba sa ƙirga wannan cikin ciwo. Amma ita ce ke ganinsa har yau yana murza idon hagun in ya yi tsammanin ba mai kallo.

Ya riga ya ɗaga ƙafa zai shiga. Tun aurensu ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba, ga kuma benci cike da masu jira.

"Ya taɓa shiga," ta ce. Muryar ta fito kamar ba tata ba.

Ya juyo a hankali. "Ke aka tambaya?"

"Baban yara, na hagu. Ka manta tsumman?"

"An cire! Kina so a mayar da mu ƙarshen layi ne?"

"Wa ya cire?" in ji ma'aikaciyar.

Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Sifika."

Wani a benci ya tuntsire da dariya. Ma'aikaciyar kuwa ba ta yi ba, janyo ƙofar ta yi ta rufe.

Aka tura su ɗakin hoton ƙashi, inda hasken ke ratsa nama ya tsaya a kan ƙarfe. Duk tsawon barandar yana gaba, ko waiwayo ta bai yi ba. Ita kuwa sai murɗa hular take, tana tunanin in hoton ya fito ba komai, da wane ido za ta dube shi a gida.

Likita ya juyo musu da allon hoton. A kwarmin idon hagu ga wani ɗan fari fat, bai kai kan allura ba.

"Da ka shiga, da wannan zai iya yanka idon daga ciki. Za mu ɗauki hoton kan da wata na'urar."

Mai walda ya daɗe yana kallon ɗigon. Ya kai hannu zai murza idon, sai ya fasa.

"Ba ni hulata," ya ce, a hankali. "Duk kin murɗe ta."