Keken Ƙafa a Wasiyyar Tela

Tun da aka sallamo Tela daga asibiti ya lulluɓe kekensa na ɗinki da tsohon zanen gado, ya kwanta jiran mutuwa. Likita ya ce zuciyar ta warware, ya koma aikinsa, amma ina. Mutumin da ya tsufa yana faɗa da masu kawo ɗinki a kan tsawon hannun riga, yanzu ko shayi mai sanyi aka miƙa masa sai ya ce an gode. Matarsa, wadda duk layin ke kira Goggo, tsoro ya kama ta sosai, don ta san yadda mutum ke sallama rai tun ba a zo karɓa ba.

Wata safiya ya kira ƙanensa da babban ɗansa ya yi wasiyya: in ta Allah ta kasance, a kai keken nan sadaka cibiyar koya wa guragu sana'a da ke bayan tashar mota. Kowa ya yi ta sa albarka. Goggo na bakin ƙofa tana ninke wanki, da suka fita sai ta matso kusa da shi.

"Malam, keken nan naka da me ake tuƙa shi?"

"Da ƙafa mana. Yau kika fara ganinsa?"

"To, su wa ka bar wa?"

Sai a lokacin ya tuna guragu ne. Dariya ta ƙwace wa Goggo har da riƙe ciki.

"Sai su jingine shi a lungu su riƙa ɗora buta a kai, suna yi maka addu'a."

"Ke dai ba ki da aiki sai tsiya," ya ce, yana hararar ta. Rabonta da wannan harara tun kafin asibiti, sai ta ji sanyi har cikin ranta.

Washegari ya sa hula ya ce zai je cibiyar ya gani da idonsa. Ta bi shi, wai don kada ya faɗi a hanya. Dogon ɗaki ne mai gajerun tebura, kekunan ɗinki na hannu biyu kacal, ɗalibai sun kewaye su kowa na jiran a zo kansa. Shugabar wurin ta turo keken guragunta ta tare su. Da ta ji abin da ya kawo su sai ta yi murmushi.

"Baba, ba kai ka fara ba. Zo ka gani."

Ta sa aka buɗe sito. Ga kekunan ƙafa nan a jere, ƙura ta rufe su, bel ɗinsu ya bushe ya tsattsage.

"Duk na mamata ne, Allah ya jiƙan su. Niyya ce mai kyau."

Tela ya shafa kan ɗaya kamar mai gaida marar lafiya. "Haba, 'yata. Ai cire kan za a yi a ɗora a akwatin katako, a sa wa wilin mariƙi."

"Mun sani, Baba. Mai yi ne babu."

Kafin ta rufe baki ya naɗe hannun riga. Ya nemi sukudireba, ya nemi mai, ya ce man da aka kawo ko ƙofa ba zai sa wa ba. Yana fitowa ya hango wata ɗaliba za ta sa almakashi a yadi ba ta gyara shimfiɗarsa ba, ya daka mata tsawa daga nesa, ya je ya nuna mata yana mita. Goggo ta samu benci ta zauna tana kallo, baki har kunne.

Ya juyo wurin shugabar. "Wasiyyata tana nan. Amma nawa keken ba zai shiga siton can ba, sai na mayar da shi na hannu da kaina."

"Allah ya ja kwana, Baba. Gaskiya mai koyar da yanka ma muke nema, sai dai karatun yakan cinye shekara guda."

Goggo ta ɗauka zai ƙi. Mutumin da ko sabon takalmi ya hana a saya masa, wai asara ce tunda ya kusa mutuwa.

"Shekara guda?" Tela ya yi tsaki, ya nuna ɗalibar da almakashi. "Waɗannan? Wa ya gaya miki? Ko biyu ba za ta ishe su ba. Ki sa uku, kuma ƙarfe takwas nake farawa."

Goggo ta goge ido da bakin mayafi, ta tashi ta tambayi inda za ta samo masa ruwan wanke hannu.